Wanda ya ji kiran Allah, ya tashi nan take ko ya jira dattawa?

Shugaban matasa: Salama gare ku iyaye da ƴan'uwa na Tawa. Ga maganar da lokaci bai bari muka ƙarasa ba a nazarin Laraba, kuma ina nan a kanta. Wanda ya tabbata Allah ya kira shi aikin bishara, ya tashi nan take. Zaman jiran sai majalisar dattawa ta yarda jinkiri ne, jinkiri kuwa rashin biyayya ne ko da an ce masa tawali'u. A Matiyu 4:18-22 Bitrus da Andarawas sun bar taru nan da nan, Yakubu da Yahaya sun bar jirgi da mahaifinsu Zabadi a ciki. A Luka 9:59-62 wani ya nemi ya fara binne mahaifinsa, wani ya nemi ya yi sallama da mutanen gida, Yesu bai yaba wa ko ɗayansu ba. Bulus ma ya ce a Galatiyawa 1:16-17 bai yi shawara da kowa ba, bai hau Urushalima wurin manzanni ba, Arabiya ya nufa. Ƙauyuka nawa ne tsakanin Keita da Buza da ba su da mai bishara, mu kuma muna zaune muna jiran taro?

Baba Fasto: Ɗana, zafin zuciyarka a kan ƙauyukan nan abu ne mai kyau, kada ya huce. Amma ka tsaya a aya ta 17, ci gaba da karatu. Aya ta 18 ta ce bayan shekara 3 Bulus ya hau Urushalima ya zauna wurin Bitrus kwana 15. Sura ta 2 ta ce bayan shekara 14 ya sake hawa, ya shimfiɗa bisharar da yake wa'azi a gaban shugabanni a keɓe, don kada gudunsa ya zama na banza, su kuma suka ba shi hannun dama na zumunci tare da Barnaba. Mutumin da ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu ke nan. Ko a ranar, ce masa aka yi ya shiga gari za a faɗa masa abin da zai yi, ta hannun Hananiya kuma ya sami ganin gari da baftisma. Hananiya almajiri ne kawai, ba manzo ba. Tafiyarsa ta farko ta bishara kuwa daga ikkilisiyar Antakiya ta taso. Ayyukan Manzanni 13:1-3: suna sujada da azumi Ruhu ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu, wato Bulus, suka ƙara azumi da addu'a, suka ɗora musu hannu, suka sallame su.

Bitrus kuma, mai kiran yana tsaye a gabansa a bakin teku, babu tambayar ko muryar wa ce. Mu yau abin da ake kawo mana shi ne «na ji a zuciyata» ko «na yi mafarki». Zai iya zama Allah ne. Zai iya zama gajiya da zaman banza, ko sha'awar a kira mutum fasto. Shi ya sa 1 Yahaya 4:1 ta ce a gwada ruhohi, Irmiya 23:21 kuma ta yi maganar annabawan da suka sheƙa a guje ba a aike su ba.

Shugaban matasa: Baba, na ji, Allah ya ƙara girma. To Amos fa? Makiyayi ne daga Tekowa, ba annabi ba ne, ba ɗan annabi ba. Amaziya firist na Betel ya ce masa ya koma Yahuza ya ci abincinsa a can. Da ya jira yardar shugaban sujada na wurin, da ba mu da littafinsa. A gafarce ni, amma dole in faɗa: sau da yawa yaro yakan kai maganarsa gaban dattawa a ce masa «za mu duba», shekara ta zagayo ba a duba ba. Wani lokaci don gidansu ba kowa ba ne, wani lokaci don iyayensa ba masu bi ba ne, wani lokaci shugaba ne ke tsoron a fi shi. Me za a ce da wannan jira?

Malamin Littafi: Ƙanena, abu uku aka cuɗe a maganar, sai an raba su. Akwai kira zuwa bin Almasihu, da tuba da baftisma. Wannan ba ya jiran kowa, a nan ayoyin Luka 9 suke da cikakken ƙarfinsu. Akwai biyayya a abin da ke gabanka yau: ka shaida wa maƙwabci, ka biya bashin da ka riƙe, ka shirya da wanda kuka ɓata, ka gai da mara lafiya. Babu dattijon da ake neman izininsa a kan wannan, wanda ya jinkirta kuma laifinsa ne. Na uku shi ne riƙe aiki da sunan ikkilisiya, wato kiwon jama'a, yin baftisma, ba da jibin Ubangiji, karɓar baiko. Wannan kaɗai muke gardama a kai, kuma ba ya yiwuwa mutum ya naɗa kansa.

Duba 1 Timoti 3:1-7. Bulus ya ce marmarin aikin abu ne mai kyau, bai raina shi ba. Sai ya jero abin da za a duba: marar abin zargi, mijin mace ɗaya, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai faɗa ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa. A duk jerin gwaninta ɗaya ce tak, iya koyarwa. Mafarki ko jin murya ba su shiga ba ko kaɗan. Duk abubuwan nan kuwa na kusa da mutum ne ke ganinsu, shi ba ya iya ba kansa shaida a kai. Aya ta 6 ta hana sabon tuba, don kada girman kai ya ɗauke shi. Aya ta 7 ce aka fi mantawa: sai yana da kyakkyawar shaida wurin waɗanda ke waje. A garinmu na waje su ne maƙwabtanmu Musulmi. Dattawan da suke son gaskiya su je wurin mai unguwa, da mai kantin da yake ba shi bashi, da maigidansa na wurin aiki, su tambaya cikin ladabi yadda zama da shi yake. In mai kanti ya yi shiru ya kau da kai, an sami amsa. Timoti ma da shaidar ƴan'uwa na Listira da Ikoniya Bulus ya ɗauke shi.

Amos kuwa saƙo ya kai, bai karɓi bagade ba, bai tara zakka ba. Amaziya kuma firist ne na sujadar da Yerobowam ya kafa. Ba daidai ba ne a kwatanta shi da dattawan da ka yi baftisma a hannunsu.

Uwar zumunta: Ku maza kun yi ta jero ayoyi, ba wanda ya ambaci matar. Ɗana, in mai kiran nan yana da aure, kafin majalisa akwai ɗaki. Kuma ba a gaban mijinta ake tambayarta ba, domin a gabansa «to» kawai za ta ce. Mata biyu manya na zumunta su zauna da ita su kaɗai, su tambaye ta dalla-dalla: yaushe ya faɗa mata, ta yarda ne ko tsoro ta ji, yana ba da cefane, yana dukanta, akwai bashin da ta sani, za ta iya zaman ƙauyen da rijiya ke da nisa kuma likita sai an hau amalanke. Abin da yakan faru in an tsallake wannan shi ne mutum ya tafi yana waƙar biyayya, ya bar mata da yara a gidan iyayenta. In iyayen ba masu bi ba ne, me kake so su ce game da addinin da ya sa surukinsu ya watsar da ɗiyarsu? Yara kuma a fidda su daga lakwal a tsakiyar shekara su yi asarar aji. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya mūsa bangaskiya. Yesu da kansa a Markus 7:9-13 ya tsauta wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyaye da shi sun keɓe wa Allah. Elisha ma da Iliya ya jefa masa alkyabba ya roƙi ya je ya sumbaci uwa da uba, aka bar shi, ya yanka shanun nomansa ya ciyar da jama'a, sannan ya bi. Ya tafi kuwa bai waiwayo ba.

Ma'ajin ikkilisiya: Mama ta buɗe mini ƙofa, bari in kawo lissafi. Gida mai mutum 6 yakan ci kamar tiya ɗaya da rabi ta hatsi a rana. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40, ke nan ba ya cika wata guda, shekara kuma tana cin kusan buhu 14. Ban sa mahaɗin miya ba, ban sa sabulu, magani, kuɗin mota ko littattafan yara ba. Baƙo a ƙauye ba shi da gona. Ko mai gari ya ara masa, gonar aro yawanci wadda ta gaji ce, kuma in ya sauka a rani sai kaka zai ga dami na farko. To tsakanin saukarsa da girbi wa zai ciyar da shi? Wannan tambayar ce ake so a amsa a rubuce kafin tashi: ikkilisiya za ta ba da buhu nawa, jaka nawa a wata, har wata nawa, shi kuma wace sana'a ce a hannunsa. Ɗinki, gyaran babur, kiwon awaki, noman albasa a fadama kamar yadda ake yi a Galmi, duk suna riƙe mutum. Bulus ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila.

Wanda ya tashi ba wannan lissafi, hanyarsa ɗaya ce cikin uku. Ko ya koma gida da kunya bayan ƴan watanni yana jin haushin Allah da mutane. Ko ya zama mai buga waya yana roƙo kullum. Ko kuma, wannan ya fi muni, ya fara sayar da addu'a da man shafawa don ya ci abinci. Da yawa ba da mugunta suka fara ba, yunwa ce ta kai su.

Shugaban matasa: Yaya ma'aji, ina bangaskiya a cikin wannan lissafi? A Luka 10:4 ba a ce wa almajirai kada su ɗauki jakar kuɗi ko burgami ko takalmi ba?

Ma'ajin ikkilisiya: An ce. Amma biyu-biyu aka aike su, zuwa garuruwan da Yesu kansa zai bi, kuma sun dawo sun ba da rahoto. A Luka 22:35-36 shi ɗin dai ya ce musu yanzu mai jakar kuɗi ya ɗauka, mai burgami ma haka. A Luka 14:28-30 ya ce mai gina hasumiya ya fara zama ya ƙidaya abin da za ta ci. Ba a hana mutum dogara ga Allah a kan cikinsa ba. Amma yaro ɗan shekara 4 bai ji kira ba, ba a sa shi azumin dole.

Ma'aikaciyar jinya: Iyayena, ni kam zan tsaya kusa da ƙanena a wani gefe, domin kun taru a kansa. Akwai tawali'un ƙarya, kuma ya fi gaggawa yawa a cikinmu. A ce wa mutum ya koyar da yara ranar Lahadi, ya ce bai isa ba. A ce ya riƙe littafin kuɗi ko ya shiga masu ziyara, ya ce akwai waɗanda suka fi shi. Shekaru su wuce yana cewa bai isa ba, ana yaba masa da sanyin hali. Ku duba Fitowa 3 da 4. Musa ya ce shi wane ne, Allah ya ce zai kasance tare da shi. Ya ce wane suna zai faɗa, aka faɗa masa. Ya ce ba za su gaskata ba, aka ba shi alamu. Ya ce bakinsa da nauyi, aka amsa. Duk wannan Allah ya yi haƙuri. Da ya ce a aiki wani dabam, a nan fushin Ubangiji ya yi ƙuna. Tambaya halal ce, Maryamu ma ta tambayi yadda abin zai yiwu kafin ta ce ita baiwar Ubangiji ce. Amma wanda aka amsa masa duk tambayoyinsa yana nan yana noƙewa, wannan ƙi ne.

Sai dai, ƙanena, ba kowane kira ne yake kai mutum bagade ba. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da wurin jinyar kutare na Danja kusa da Maradi, shaidar da suka ba da a ƙasar nan ta hannun masu wanke miki da masu kwana a kan marasa lafiya ta fito. Mutumin nan na ƙasar Garasinawa da aka fitar wa aljanu ya roƙi ya bi Yesu cikin jirgi, aka ce ya koma gida ya faɗa wa danginsa (Markus 5:18-19). Ga wani, biyayyar mai wuya ita ce ya zauna a ajinsa ko a shagonsa ya ƙi cin hanci. Mai ganin sai ya bar aikinsa ne ya zama bawan Allah, a binciki dalilinsa da kyau.

Baba Fasto: Ɗiyata ta faɗi gaskiya, ƙorafin ɗana kuma bai faɗi ƙasa ba. In ana neman tawali'u wurin yaro, akwai haƙƙinsa a wuyan dattawa. Eli sai a karo na uku ya gane Ubangiji ne ke kiran Sama'ila, amma da ya gane bai riƙe yaron ba, koya masa amsar da zai ba da ya yi, ya mai da shi makwancinsa. Da almajiran Urushalima suka ji tsoron Shawulu, Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni. Majalisar da ta ce «za mu duba» ta yi shiru ta yi zunubi.

Ga yadda ya kamata. Mai kira ya faɗa wa fasto baki da baki, sannan ya rubuta a takarda da kwanan wata, domin magana ta baki takan ɓata. Majalisa ta kira shi a zamanta na gaba, ta ji shi, ta aiki mata wurin matarsa, ta nemi shaidar waje. Sai a ba shi aiki a ƙarƙashin wani: ajin yara, ziyarar marasa lafiya, rakiyar mai bishara ranar kasuwar ƙauye, wa'azi jefi-jefi da wani a zaune yana saurare don ya gyara masa. Abin dubawa ba daɗin baki ba ne. Yana zuwa a kan lokaci? In an gyara masa fuskarsa takan canja? Yana share majami'a ranar da ba shi ne mai wa'azi ba? Canjin kuɗin aike yana dawowa? A ƙarshen lokacin a ba shi amsa ɗaya a fili. Ko a ce ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, irin ta Agye ko ta tauhidi a Yamai, da sa hannun ikkilisiya. Ko a ce tukuna, ga abin da zai gyara, ga ranar da za a sake zama. Ko a ce baiwarsa a wani wuri muka gan ta, a kuma nuna masa wurin. Afolos gwanin magana ne, masanin Littattafai, amma ya zauna Bilkisu da Akila suka ƙara fayyace masa hanya, bai ragu da komai ba.

Shugaban matasa: Baba, in haka ake yi da ban ta da maganar ba. Amma a ce an bi duk wannan, an ƙi shi sau biyu ba dalili, shi kuma abin yana ci masa rai dare da rana. Ni a nan ina cewa ya tafi. Ayyukan Manzanni 5:29, wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane.

Malamin Littafi: Ayar nan Bitrus ya faɗe ta ga majalisar da ta hana su ambaton sunan Yesu ɗungum. In dattawa suka hana ka shaida Almasihu, ka ɗauke ta. Amma ba su hana ka wannan ba, naɗi ne ba su yi maka ba. Kafin tafiya akwai matakin da kake tsallakewa: sama da majalisar ikkilisiya akwai ta yanki, a kai ƙara can a rubuce, a nemi dattijo ɗaya mai gaskiya ya raka. In duk ya gagara, ya ci gaba da shaida da sana'arsa a hannu, ba wanda zai hana. Abin da ba zai yi ba shi ne ya janye ƴan ikkilisiyar da ta ƙi shi, ya yi baftisma, ya tara baiko, ya kafa allo da sabon suna. Sarki Saul ya jira Sama'ila kwana 7 a Gilgal, ya ga jama'a na watsewa, ya miƙa hadayar da kansa. Dalilinsa mai ƙarfi ne, kamar naka, amma sarautar ta tafi.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙasarmu. Ƙungiyar addini a Nijar sai da rajista a ma'aikatar cikin gida. Wanda ya sauka ƙauye ba takardar ikkilisiyar da hukuma ta sani, bai fara gai da mai gari da limamin gari ba, ranar da magana ta tashi ba shi da mai tsaya masa. Mun ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015 da aka ƙona majami'u. Mu kaɗan ne, kuskuren mutum ɗaya yakan faɗa a kan kowa, har da tsofaffin da suka yi shekaru suna gina zaman lafiya da maƙwabta.

Shugaban matasa: Na karɓi maganar ƙara zuwa yanki, da ta rashin janye jama'a. Amma ban janye cewa jiran da ba a yanka masa rana ba rashin biyayya ne, ko daga yaro ko daga dattawa. Ina roƙo a sa wannan tsari a rubuce a zaman majalisa mai zuwa, a kuma ƙayyade gwajin kada ya wuce wata 6.

Uwar zumunta: A rubuta har da cewa mata biyu ne za su ji matar, kuma rahotonsu majalisa za ta karanta, ba a bakin ƙofa za a karɓa ba.

Baba Fasto: Na Mama ya shiga. Wata 6 kam ban yarda ba, ɗana, shekara guda cur. Wata 6 na iya faɗawa duka cikin rani, lokacin da kowa ke da sarari. Ina so in ga mutum a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, noma ya kama, zazzaɓi ya kwantar da yara, hanyar ƙauye ta cika da laka, in ga ko zai je wurin da aka aike shi ranar kasuwa.

Shugaban matasa: To a ƙidaya shekarar daga ranar da ya miƙa takardarsa, Baba, ba daga ranar da majalisa ta sami sukunin zama ba.